Kujerar Mai Rijiya

Rana na gab da faɗuwa lokacin da ta sauka daga motar haya, ta nufi ɗakin ɗaukar murya, zuciyarta cike da zargi. Tun a hanya ta gama shirya abin da za ta faɗa wa Kunne, mai haɗa musu sauti.

Sarauniya ake ce mata a wurin aikin, don ita ce muryar sarauniyar da ke cikin wasan kwamfutar da suke haɗawa. Labarin a littattafai ya fara, aka yi shi a talabijin, yanzu kuma ana mai da shi wasa, inda mai wasa ne zai riƙa zaɓa wa sarauniya abin da za ta ce. Saboda haka duk amsar da za a iya zaɓa, sai ta faɗe ta da bakinta.

Akwai inda sarauniya ke zuwa bakin wata rijiya neman hanya, wani abu da ke ciki ya tambaye ta me za ta ba shi. Littattafan ba su siffanta shi ba, talabijin inuwa kawai ta nuna, kamfanin kuma bai ɗauki wanda zai yi muryarsa ba tukuna. Ita ko ta ce ba za ta yi ta magana da bango kamar mahaukaciya ba. Shi ne Kunne ya ajiye kujera a gabanta, ya kafa wa kujerar makirufo wanda bai haɗa da komai ba, don dai ta sami abin kallo. Kullum in ta shigo sai ta ɗan rusuna, ta ce, "Mai Rijiya, sannu da zuwa, zauna mana." Su kwashe da dariya. Sun manta baki shi ke yanka wuya.

An riga an ɗauki amsa ta farko: "Na ba ka barcina." Tun daga ranar barci ya yi mata ƙaura, ta ɗora laifin a kan gajiya. Aka ɗauki ta biyu: "Na ba ka dariyata." Wannan kam Inna ce ta lura. Tunda idanun tsohuwar suka mutu, da murya take gane 'yarta, da ita take sanin ko ta ci abinci, ko an ɓata mata rai.

"Ke, wa ya taɓa ki?" in ji Inna. "Kwana biyu ban ji wannan dariyar taki mai tashin maƙwabta ba."

Saura amsa ɗaya, kuma don ita aka kira ta yau. Amma da safe ta ga tallar wasan a wayarta, ta ji muryarta tana faɗin wata magana da ta tabbata ba ta taɓa faɗa ba. Ta san akwai na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum. Wato Kunne ya gama tatsar ta, zai jefar da ita kamar ɓawon lemo.

Ma'aikata duk sun tashi. Ta same shi shi kaɗai a gaban kwamfutocinsa, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Kunne, tsakaninka da Allah, wa ya faɗi maganar da ke cikin tallar nan?"

Ya ɗago ya dube ta, irin duban da ake wa wanda aka kama da kaya a hannu.

"Ni ma abin da zan tambaye ki ke nan, Sarauniya. Wa ya ba ki makulli? Kullum da safe sai in tarar da sabuwar magana taki da ba ni na ɗauka ba."

"Kada ka raina min hankali."

"Wallahi na ɗauka ke ce kike dawowa in na tashi."

Ba ta yarda ba. Ta san shi da iya marairaicewa in ya yi ɓarna. Ta ce a ranta, bari ta faɗi layin ƙarshen ta karɓi haƙƙinta, gobe ta kai ƙararsa wurin shugaban aikin.

Ta shiga ɗan ɗakin, ta ja ƙofar mai nauyi. Bangon duk soso ne, yana shanye kowane motsi, har mutum ya riƙa jin bugun zuciyarsa. Ta sa abin ji a kunnuwanta. Kujerar na nan inda take. Yau ba ta gaishe ta ba.

Ta cikin gilashi Kunne ya ɗaga mata yatsa. Jar fitila ta kama.

Sai ta ji wari. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da gansakuka, irin na tsohuwar randa da aka daɗe ba a wanke ba. Ta duba ƙasa. Dardumar ta yi duhu a ƙarƙashin kujerar.

Ɗis.

Ta ɗaga kai. Rufin a bushe yake.

Ɗis.

"Kunne," ta ce a hankali, "daina wasan nan."

Ya girgiza kai. Hannayensa duka biyu suna sama, ba ya taɓa komai. Idonsa na kan kwamfuta, inda layin sautin wata murya ta biyu ya fito a ƙarƙashin nata, yana hawa yana sauka.

"Makirufon can ba shi da waya," ya raɗa mata ta abin jin. "Na rantse miki ba shi da waya."

A nan zargin ya fita daga ranta, tsoro ya maye gurbinsa. Da ma a ce Kunne ne ɓarawon, da ta fi son haka.

Soson kujerar ya lotsa, kamar an gyara zama.

Numfashi ya cika mata kunne. Mai sanyi. Mai nauyi.

"Yau ba ki ce in zauna ba."

Ba muryar Kunne ba ce.

"Ba komai. Na riga na saba." Sannan muryar ta sauya, ta koma ta mai karanta rubutu, daidai yadda aka tsara a wasan. "Ya ke sarauniya, me za ki ba ni?"

Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san abin da ke biyo baya. In abokin wasan kwaikwayonka ya gama layinsa, bakinka ne ke amsawa kafin kanka ya yi tunani. Shekara da shekaru ta horar da harshenta a kan haka, har tana alfahari ba a taɓa jiran ta ba.

"Na ba ka..."

Ta datse harshenta da haƙori. Gishirin jini ya cika mata baki.

Kunne ya finciko wayar wuta daga bango. Kwamfutoci suka mutu. Jar fitilar ba ta mutu ba.

Daga kan kujerar, da muryarta, tata ta kanta, har da 'yar rawar da take yi a ƙarshen magana, aka ƙarasa:

"...muryata."

Wani abu mai sanyi ya ratsa maƙogwaronta, kamar ana zare zare. Ta fizge abin jin, ta faɗa kan ƙofa. Ƙofar ta ƙi. Ruwa ya taɓa idon sawunta.

Kunne ya dako ƙofar da kafaɗa daga waje, ya damƙo hannunta. Suka zubo kan matakala, ba wanda ya waiwaya.

Sai da suka kai bakin titi, cikin hayaƙin motoci da hayaniyar masu komawa gida, ta gwada magana. Muryar ta fito. Ta ɗan dushe, amma ta fito.

"Kin ji ko?" in ji Kunne, yana haki. "Tana nan. Alhamdu lillahi, tana nan. Ki yafe min zargin da na yi miki."

"Ni ma ka yafe min," ta ce. Ya ɗan dube ta, kamar muryar ta yi masa baƙunta.

Kunne bai sake komawa aikin ba. An ce da wasan ya fito, babu wurin da masu wasa suka fi yabawa kamar bakin rijiya, kuma har yau kamfanin bai san wa zai biya kuɗin muryar Mai Rijiya ba.

Ita kuwa a yammacin nan gida ta nufa. Ta tarar da Inna zaune a falo, fuskarta a sake, kamar wadda aka gama ba labari mai daɗi. Ta durƙusa a gabanta, ta kama hannunta.

"Inna, na dawo."

Tsohuwar ta karkata kai, ta saurara da kyau, sannan ta zare hannunta a hankali.

"Sannu, baiwar Allah. Wurin 'yata kika zo? Ai ta dawo tun ɗazu, tana ɗaki. Ba ki ji dariyarta ba?"