Duwatsun Murhun Zuhura

Hayaƙi ya turnuƙe madafa, Zuhura na durƙushe tana hura wuta, hawaye na bin kumatunta. Ita kanta ba ta iya rarrabe na hayaƙi da na kewa. A shekarar ne ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba, zamanin mulkin soja, mazan garin Urafane suka watse neman abin kaiwa baki. Mijinta Isufu, wanda ya nemo aurenta daga Tasawa da so mai tsanani, ya tafi Arli aikin ƙarfi tun lallen amarci bai bar ƙafarta ba. Ya bar ta da ƙaramin ciki, da mahaifiyarsa Inna Biba, tsohuwa mai tari da kaifin harshe.

Itace ya zama abin wuya. Ma'aikatan gandun daji na cin tarar duk wanda ya sari ɗanye, busasshe kuwa ya yi nisa. Mata su fita da sassafe, sai azahar su dawo.

Rebeka matar Irmiya, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan darni.

"Ke amaryar Isufu! Tuwo kike dafawa, ko iska? Rabin wutarki na lasar tukunya, rabi na yawo!"

"To ƙaƙa zan yi, Yaya Rebeka?"

"Dami nawa kike ƙonawa daga kasuwa zuwa kasuwa?"

"Ukku."

"Ni dami ɗaya, tun da na gina murhun laka da aka koya muna a taron mata. Ke da kika yi lakkwal, kika san boko, lissafa mini!"

Zuhura ta shiga lissafi. Tafiya biyu a kowane mako za ta ragu. A shekara kuwa, sama da tafiya ɗari, da itatuwan da za su tsira, da raguwar hayaƙin da ke tsananta tarin tsohuwa.

Ranar da Inna Biba ta tafi gaisuwar mutuwa garin Maijirgi, Zuhura ta kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin jaki, ta zagaye duwatsu ukun murhunta da katanga, ta bar ƙofa ɗaya ta itace. Da yake ita mai son aiki ya yi kyau ce, ta shafe duwatsun da laka har bisa kansu, babu alamarsu. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mata shi ne wannan: duwatsun, Inna Biba ce ta girka su da hannunta ranar girkin Zuhura na fari, ita ma daga uwar mijinta ta gāje su, kuma a zuriyar gidan, matar da ta ɗaga duwatsun murhunta ta shelanta cewa ta gama zaman aure.

Tsohuwa ta dawo, ta tsaya bakin madafa ta daɗe tana kallo. Ba ta tambayi Zuhura kome ba, domin uwar miji ba ta tsayawa tambayar matar ɗanta baki da baki. Kaji ta juya ta yi wa magana:

"Ku ci ku ƙoshi, 'yan nan! Mai tafiya ta fara naɗe tabarma."

Daga ranar ta daina cin girkin Zuhura, ta hura tata wutar a ƙofar ɗakinta. Ta ba Danda direban kamiyo, babbar motar kaya, saƙon baki zuwa ga Isufu a Arli. Ba a jima ba gaisuwar Isufu ta daina zuwa. Sabulu da shayi su iso, amma da sunan Inna kaɗai. A rijiya mata suka riƙa yanke hira idan Zuhura ta matso. Takan ajiye ƙwaryar tuwo a ƙofar tsohuwa, ta dawo ta ɗauke ta da sanyinta, ta zauna ta ci ita kaɗai tana duban hanyar arewa.

Rebeka ce ta jiyo dalili, ta zo da gudu ta faɗa mata. Zuhura ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Ai duwatsun suna ciki, ko motsa su ban yi ba!"

Rebeka ta je ta shaida wa tsohuwa hakan. Inna Biba ta tsuke baki.

"Ke da kika koya mata, ke ce shaidarta? Laka idona ya gani."

"Fasa murhun ki nuna mata, ki huta!" in ji Rebeka da ta dawo.

Zuhura ta girgiza kai. "Dami biyun da murhun ke rage mini, su nake ajiyewa a ƙofar Inna, da su take hura tata wutar. In na fasa, wa zai ɗauki iccen wuta biyu a buɗe, ga cikin nan ya yi nauyi? Bari mai gidan ya zo. Shi yake da ikon tambayata."

Haka ta ci gaba da zuwa daji sau uku kamar dā, ribar lissafinta duka tana ƙonewa a ƙofar wadda ke zarginta.

Ana sharar gona Isufu ya sauka daga kamiyo, ya rame, fuskarsa babu walwala. Ya gaida mahaifiyarsa, bai karɓi ruwan da Zuhura ta miƙo ba.

"Ina duwatsun Inna?"

"Suna inda ta girka su, Malam."

"Ka ji ko, Auta?" in ji tsohuwa. "Har da ƙarya!"

"Zuhura, na sha ranar Arli da sunanki a bakina! In kin gaji da ni, faɗa mini, in mai da ke Tasawa da mutunci."

Zuhura ta juya. Ta shiga madafa ta ɗauko taɓarya, ta durƙusa da ƙyar, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Fasa ka gani."

Isufu ya ɗaga ya maka. Katangar ta tsage, ta zube. Ga duwatsu uku nan, kowane a mazauninsa, gindinsu nutse cikin tsohuwar toka.

Inna Biba ta matso ta tsuguna, ta shafa dutsen da ke da tsaga, wanda ta sani tun tana amarya. Ta dubi tarin itacen ƙofar ɗakinta, sannan ta dubi kumburarrun ƙafafun matar ɗanta. Taɓaryar ta suɓuce daga hannun Isufu.

"Na zalunce ki, Zuhura! Na saurari direba, ban saurare ki ba. Ki gafarce ni!"

Sai a lokacin ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Tsohuwa ba ta furta neman gafara ba; ba a saba jin haka a bakin manya ba. Cewa ta yi:

"Ɗiyata, akwai sauran tuwo? Yunwa nike ji." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, mi kake tsaye yi? Ɗauki kwando, ka tambayi matar Irmiya inda ake ɗibar laka!"

Washegari su biyu suka gina sabon murhu, tsohuwa na kwaɓi, Zuhura na ɗora katanga. Wannan karon an bar kawunan duwatsun a bayyane. Wutar gidan ta koma ɗaya, dami ɗaya ya riƙa kai su daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma a kan murhun aka dafa ruwan wankan jego.

Ku matasa, ku riƙe wannan. Wanda ya shigo gida da sabon abu, ya fara tambayar abin da tsohon yake nufi ga masu gidan. Wanda kuma ya ga laka, kada ya rantse babu dutse a cikinta. Tambaya ɗaya da an yi, da ba a fasa murhu ba. Haƙurin Zuhura ne kaɗai ya hana a fasa aure tare da shi.