Ƙusar Da Ba Ta Riƙe Komai Ba

A kasuwar masu aikin hannu ta Pasadena Itzel ta fara ganin Tobias. Ya tsaya gaban fitilunta na jan ƙarfe wai yana ciniki, alhali ko sau ɗaya idonsa bai sauka kan fitila ba.

"Bawan Allah, fitilar ake sayarwa, ba mai fitilar ba."

"Ni kafinta ne," ya ce. "Bari in yi mata teburin da za ta zauna a kai, sai mu sake magana."

Kafin wata ya zagayo ya zama Kafintana, ita kuma Fitilata.

Mahaifinta, Don Evaristo, ya tsufa yana yi wa gidajen katakon unguwar kujeru da kabad, kuma a wurinsa buga ƙusa a katako daidai yake da shara ƙarya. Haɗi da fegin itace kawai ya sani. Ya ce mai son 'yarsa ya kawo kujerar lilo da ya yi da hannunsa.

Tobias ya kawo, aka ajiye ta a shago. A shagon kuwa akwai Corwin, abokin aikin tsohon, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan Itzel da shagon gaba ɗaya.

Ranar gwaji tsohon ya bi kujerar da maganaɗisu. Yana kaiwa ƙarƙashin mazauni, sai ji aka yi ƙas! Ya manne.

"Ƙusa," in ji shi, yana hararar Tobias. "Fitar mini daga shago, maƙaryaci."

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Fitilata, na rantse ban sa ba. Amma ba zan raba ki da mahaifinki ba."

Ta mayar: "Kafintana, daina rantsuwa, na san hannunka. Bar ni da mai aikin. Sai ya yi da ya sanin riƙe guduma."

Ba ta yi kuka ba, don ta san Corwin ne ya buga ƙusar. Zuciyarta na tafasa, amma kullum sai ta yi wa Corwin murmushi, har tamales, alalar masara mai nama, ta dafa masa. Shi kuma dolo ya fara zaɓen kwat ɗin aure.

Ta jira ranar da ake buɗe gidajen unguwa jama'a su shiga kallo. A wani falo Corwin ya tsaya gefen kabad ɗin da ya yi, yana ta cika baki cewa babu ƙarfe ko ɗaya a jikinsa. Itzel ta matso, ta zazzage jakarta. Maganaɗisun ado ne na jikin firiji, masu siffar ayaba da barkono. Ta ɗora ɗaya kan fegi, ya manne. Ta bi sauran, duk suka manne, don fegin na rufa-ido ne, ƙusoshi ne a ƙarƙashi.

"Kai, Corwin, ashe firiji ka ƙera?"

Falon ya ɗauki dariya. Corwin ya sulale, ko hularsa bai tsaya ɗauka ba.

Ta ja mahaifinta zuwa shago, ta miƙa masa filaya.

"Cire ƙusar, Baba, ka zauna. In kujerar ta karye, na haƙura da shi har abada."

Tsohon ya zare ƙusar, ya zauna da dukkan nauyinsa, ya yi lilo gaba da baya. Ko ƙara kujerar ba ta yi ba.

Ya daɗe yana juya ƙusar a tafinsa.

"Ba abin da ta riƙe. Kira mini yaron nan, in ba shi haƙuri da bakina."

A kan kujerar ya zauna ranar biki, ya haɗa hannayensu. "Allah Ya riƙe ku yadda katakon nan ya riƙe juna, Ya albarkaci gidanku."

Kowa ya ce amin. Corwin ma an kai masa katin gayyata, Itzel da kanta ta kafe katin da ƙusar nan tasa a ƙofar gidansa.