Hayaƙi a Cikin Shuri

Ku daina ƙorafi haka nan. Inji ya mutu, ya mutu ke nan, babu mai taɓa shi sai gobe. Kai Nasiru, ajiye tocilar nan. Na ga take-takenka, so kake ka zagaya bayan gida ka ja igiya kai kaɗai. Zauna tukuna ka ji abin da ya sami Tanimu mai cajin waya. In ka gama ji ka ga za ka iya, ga hanya nan.

A Kwarin Gawo aka yi abin, tsakiyar damina. Tanimu yana da ɗan janareta mai arahar nan da ake ɗauka da hannu ɗaya, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai. Da shi yake yi wa mutane caji a bakin kasuwa. Injin nan kuwa ɗan banzan taurin kai gare shi. In yana da sanyi, ja ɗaya ya tashi. Amma in ya yi zafi ya mutu, wallahi ko kafaɗarka za ta goce ba zai amsa ba, sai ya huce don kansa. Ga ƙara kamar ana yanka akuya. Shi ya sa Tanimu ya sa maƙeri ya haɗa masa wani bututun ƙarfe a bakin salansa, wato inda hayaƙi ke fita. Duk inda ya kafa injin sai ya nemi rami ya cusa bututun, ƙara da hayaƙi su tafi ƙasa.

'Yarsa ɗaya tak, Uwale, mai sunan mahaifiyarsa. Ko yaye ta ba a yi ba. Sanyi ya kama mata ƙirji, numfashi ya koma sama-sama. Shi da matarsa Lantana suka kai ta ɗan asibitin garin da la'asar sakaliya. Rafi ya kawo, ya shafe hanyar birni, ko babur ba ya haurawa.

Malama Saratu, mai jinyar wurin, ta duba yarinyar. Ta ce, “Akwai na'urar da ke ba mara lafiya iska. Amma wuta fa? Tun da taransufoma ta ƙone muke cikin duhu.”

Tanimu bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya ruga gida ya kinkimo injinsa.

“Ka kai shi nesa da taga,” in ji Malama Saratu. “Hayaƙin nan in ya shigo, shi zai fara kashe ta.”

Ya zagaya bayan asibitin yana warware waya. Inda wayar ta ƙare, nan wani tsohon shuri yake, ja, ya kai ƙirjin mutum, ga ƙofofi a gindinsa. Ana kiran magariba a lokacin. Kowa ya san ba a taɓa shuri da almuru. Ko ruwan zafi za ka zubar sai ka yi bismilla ka ce a kauce. Amma mutumin da 'yarsa ke shure-shure, ina ya ga hankalin wannan? Rami kawai ya gani. Ya cusa bututun, ya ja igiya.

Inji ya tashi. Ƙwan fitila ya kama a ɗakin. Ta taga ya ji Lantana tana cewa, “Alhamdu lillahi, ta fara lafawa.”

Ya tsuguna a gefen injin, yayyafi na sauka a wuyansa.

Ba a jima ba sautin injin ya sauya. Ya yi tari, ya yi shaƙuwa. Ɗif.

“Baban Uwale! Ya tsaya!” Lantana ce ta ƙwala daga ciki.

Ya kunce fulogi ya goge da bakin riga. Ya girgiza tanki, akwai mai. Da ya zaro bututun ya haska, sai ya ga bakinsa a toshe da jar laka, ɗanya sharaf. Ya ce gara ce. Ya sa tsinke ya ƙwaƙule, ya mayar. Ya ja, ya ja, ya ja. Da ƙyar da jiɓin goshi injin ya yarda, don bai gama yin zafi ba.

Bayan isha ya sake mutuwa. Lakar ce dai. Amma wannan karon da ya kai tocila kusa, sai ya ga shatin yatsa a jikinta. An danna ta ne da babban yatsa, yadda mata ke liƙe bakin tulu.

Ya waiga. Babu kowa, sai gero yana kaɗawa.

A ciki kuwa Lantana na kuka tana kiransa. Ya ƙwaƙule lakar, ya mayar da bututun, ya yi ta ja har tafin hannunsa ya fashe. Inji ya kama.

“Bawan Allah.”

Ku saurara da kyau. Wata mata ce tsaye a gabansa, amma muryar daga ƙarƙashin ƙafafunsa ta fito. Gajeruwa ce, da goyo a baya. Yayyafi na sauka, zanenta a bushe ƙayau. Ko'ina taɓo ne, amma ƙafarta ba ta nutse ba. Kuma ba ta yi sallama ba.

“Kashe abin nan,” in ji ta.

Ya ce, “Baiwar Allah, ki yi haƙuri. 'Yata ce a ciki. In ya mutu, ta mutu.”

“Na toshe, ka buɗe. Na sake toshewa, ka sake buɗewa.”

“Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.”

“Ka tambaya?”

Ta juya masa baya a hankali. Goyon ya yi tari. Ɗan ƙaramin tari, a shaƙe, irin wanda yake ji ta tagar can tun la'asar. Warin hayaƙin fetur yana tashi daga zanen goyon.

“Ɗakinmu ya cika,” in ji ta. “Manya sun fita. Shi ɗan nan ya riga ya sha.”

Tanimu ya sa hannu ya fizge bututun daga ramin, ƙarfen ya ƙona shi bai ma ji ba. Ƙara ta cika wurin. Hayaƙi ya turnuƙe, iskar damina ta kwashe shi, ta nufi tagar asibiti da shi kai tsaye.

“Tanimu!” Muryar Malama Saratu ce. “Kashe ta za ka yi? Hayaƙi na shigowa!”

Ya juya bakin salansa, hayaƙin ya kwanta ƙasa ya bi ƙofofin shuri. Ya sake juyawa, ya koma taga. Waya ta ƙare, babu inda zai matsa. Kun ga tashin hankali? Nan ɗa, can 'ya, shi a tsakiya da ƙarfe mai zafi a hannu.

Dabara ɗaya ta rage, ya ɗauke injin ya kai shi gaban asibitin inda iska za ta wuce da hayaƙin. Amma ba a ɗaukarsa yana aiki, da ka karkata shi mai zai zubo kan zafi. Sai an kashe. Kuma ya san halin kayansa. Yanzu ya yi zafi jau.

Ya dubi tagar. Ya dubi goyon.

Ya ce, “Bismillahi,” wadda ya kamata ya faɗa tun magariba. Ya murɗa makunni. Ɗif.

Ya rungumi injin a ƙirji ya zagaya da gudu, yana zamewa a taɓo. Ya jawo wayar ta ƙofa ya haɗa. Ya ja igiya. Shiru. Ya buɗe cok ya ja. Shiru. Ya kunce fulogi ya hura masa iska da baki, ya mayar, ya ja.

“Baban Uwale, leɓenta ya yi baƙi!”

Ya ja da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Igiyar ta tsinke, ya faɗi da baya riƙe da guntun. Ya tashi ya ciro mazagin wandonsa ya naɗa, ya ja. Shi ma ya tsinke. Ya roƙi injin nan kamar mutum. Ya zage shi. Ya sake roƙonsa.

Sai kukan Lantana ya tsaya. Wannan shirun ya fi kukan ciwo. Ya ji Malama Saratu tana salati ƙasa-ƙasa.

Bai shiga ɗakin ba. Ya zauna daɓas cikin taɓo, ƙato da shi, yana kuka kamar yaro. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai na ji tausayin bawan Allahn nan ya kama ni.

Da ya ɗaga kai, tana gabansa. Zanen goyon yana nan ɗaure a ƙirjinta, amma bayan ya saki. Babu kowa a ciki.

“Ka makara,” in ji ta.

Ya ce, “Ki yi min duk abin da za ki yi. Ni na jawo.”

Ta dube shi. Hannayenta biyu a haɗe suke, kamar mai riƙe da ɗan tsako.

“Da hannunka ka kashe injin,” ta ce. “Ka san ba zai tashi ba. Na gani.”

Ta nufi tagar gaba. Tagar ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Ba ta taka komai ba, ba ta yi ɗage ba. Miƙewa kawai ta yi ta yi, har kanta ya kai. Ta buɗe hannayen a bakin taga, ta hura.

“Sauran numfashin ɗana ne,” muryar ta faɗa daga ƙasa. “Ba shi da amfani a wurina.”

A cikin duhun ɗakin, Uwale ta tsala kuka.

Kafin ya waigo, babu kowa a bakin tagar.

Yarinya dai ta rayu. Malama Saratu ta ce ita ba ta da abin cewa, ikon Allah ne. Amma ta riƙa shinshina bakin yarinyar tana yamutsa fuska, don warin hayaƙin fetur ke fita daga numfashinta.

Da gari ya waye Tanimu ya zagaya baya da nono a ƙwarya, zai ba da haƙuri, zai yi ta'aziyya. Ya tarar shurin ya rufta. Ko gara ɗaya babu. Sun tashi. Ya tsaya da ƙwaryar a hannu, babu wanda zai ba. Har ya koma ga Allah bai sake jan igiyar inji ba, kuma bai taɓa wuce shuri bai tsaya ya ce a yafe masa ba. Ba a taɓa amsa masa ba.

To, Nasiru, ga tocilarka. Amma duk ramin da ka gani a bayan gida da almuru, gidan wani ne. Kada ka je kai kaɗai, kada ka zuba komai, kada ka cusa komai ba ka nemi izini ba.

Me kuke kallona? E, ita ce. Yaya Uwale, matar Yaya Sabi'u, ta ɗakin ƙofa. Ba ku lura ba da an tayar da inji take ɗaukar tabarma ta fita waje? Kada wanda ya kuskura ya tambaye ta, ba ta san komai ba. Kuma in kun ji tari daga ɗakinta, ɗan siriri kamar na jariri, ku ja bargo ku yi shiru. Kada wanda ya ce mata sannu. Akwai mai zuwa ta faɗa mata, uwar mai numfashin.