Farantin da Ya Kalli Yamma

Da hantsi rahoto ya iso teburin Sufeto Abdulsamad: an ɓalle akwati a garejin manyan motoci da ke bayan Kasuwar Kilomita Biyar. Kayan gyaran jirgin soja ne, irin mai radar da ke hango abu tun daga nesa. Farantin eriya guda ya ɓace.

Sojoji sun riga sun tsare direban motar da ta ɗauko akwatin, Idrisu. Sun ce in la'asar ta yi ba a ga farantin ba, bariki za su wuce da shi.

"Wa ya san abin da ke cikin akwatin?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Sufeto ya kafe shi da ido. Idrisu ya sunkuyar da kai.

"Sai Baba Nasidi maigadi. Muna shan shayi na ce masa kunnen jirgi na ɗauko, yana jiyo magana daga wata ƙasa. Hira ce kawai."

Baba Nasidi na zaune shi kaɗai a bakin gareji. Da Sufeto ya gaishe shi da Hausa maimakon Sango, yaren da ake yi a garin, sai fuskar tsohon ta washe. Shi ma Sufeto ya ji daɗin abin, don tun da iyalinsa suka koma Kamaru ba shi da abokin hira.

"Baba, kana ina aka buɗe akwatin?"

"Ina masallaci, ɗana."

"Ina rediyonka? An ce ba ka rabuwa da shi."

"Ya lalace."

A kasuwa, Hajiya Talatu mai kayan lantarki ta tuna da tsohon.

"Jiya ya sayi doguwar waya, ya tambaye ni ta ina Garwa-Bulayi take. Na ce Baba, da waya za ka ɗaure garin ka jawo shi?"

Sufeto ya ɗauki tsohon suka nufi gidansa a unguwar Yakité. Farantan talabijin na unguwar duk gefe ɗaya suke kallo. A kan rufin Baba Nasidi kuwa wani faranti ruwan toka ya juya yamma shi kaɗai, waya ta sauko daga jikinsa ta shiga taga har bayan rediyo.

Ɗakin ba komai sai tabarma da buta da rediyon.

"Ni na ɗauka," in ji tsohon. "'Yata Ruƙayya tana Garwa-Bulayi, can Kamaru, tun lokacin rikici. Lambarta ta daina shiga. Wani direba ya ce kowace Juma'a ana karanta gaisuwarta gare ni a rediyon garin, amma tashar ba ta kawowa nan. Na ce in ari kunnen nan in ji sau ɗaya, in mayar."

"Ka san Idrisu yana hannun sojoji?"

Baba Nasidi ya dafa bango. "Ban sani ba. Mu je, ɗana, kada su tafi da shi."

Sufeto ya hau rufin ya kwance farantin da kansa, ya haɗo da rediyon. Bai fito da ankwa ba. A bakin mota ya tsaya.

"Baba, ka ji ta?"

"Shuu kawai yake yi."

Kafin la'asar aka saki Idrisu. Sufeto ya kira shi gefe, ya ce tunda hanyarsa ce, in ya isa Garwa-Bulayi ya nemi gidan rediyon, ya tambayi Ruƙayya 'yar Nasidi.

Sannan ya raka tsohon ɗakin da za a tsare shi, ya bar masa rediyonsa.