Yatsu Huɗu a Bakin Jirgi

Ranar da mijina Eruera ya cika kwana tara a ƙarƙashin tafki, na ɗauki tukunyar miya zan kai wa yayana Tamihana. Tun da suka fita kamun kifi su biyu ya dawo shi kaɗai, bai sake cin abincin kirki ba. La'asar sakaliya ce, ƙarshen watan Afrilu, lokacin da a ƙasarmu ta kudancin duniya sanyin kaka ke fara shiga ƙashi. Ban tarar da shi a gida ba. A bakin ruwa na same shi, yana tura jirginsa.

Ga sandar da dattawa suka kafa nan a gefensa, da jan ƙyalle ɗaure a kanta. An sa wa tafkin rahui: ba kamun kifi, ba wanka, ba ɗiban ko kofi guda, har sai ruwa ya maido da mamacinsa. Ba wanda bai san wannan ba a garinmu.

"Yaya, kanka ɗaya kuwa? Ba ka ga sandar ba?"

"Ngahuia, koma gida. Kifi nake marmari. Na gaji da miyarki."

"To wallahi ƙafata ƙafarka. Kwana tara ina roƙon ka nuna mini inda ya faɗa."

Na dire tukunyar a gindin sandar na faɗa jirgin. Da taurin kai aka haife ni, shi ma ya sani. Ya yi tsaki ya tayar da inji.

Da kaka kifi kan yi ƙiba kafin su haura rafuka zuba ƙwai, kuma jan fatsa ake yi musu: a saki zare can baya, jirgi na tafiya sannu kamar tsohuwa za ta coci. Masu bakan gizo a jiki suna sama-sama. Manyan nan masu ruwan toka kuwa suna can ƙasa, sai an saukar musu da dunƙulen dalma a jikin wayar ƙarfe. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki da Eruera, ba mai koya mini.

Ba mu yi nisa ba sandar fatsa ta lanƙwashe. Tamihana ya jawo wata ƙatuwar mai bakan gizo, cikinta taf da ƙwai. Ya ɗauko kulkin kashe kifi, wanda Eruera ya sassaƙa da hannunsa. Duka ɗaya ake yi a ka, shi ke nan. Shi kuwa sai ya yi ta kirɓa. Biyar, shida, bakwai. Kan ya dagargaje, ƙwai ya watsu a kan takalmina, jini ya fallatsar mini a fuska.

"Haba, Yaya! Ai ta mutu tuni."

Ya jefar da kulkin gefe.

Da muka kai zurfin da ke gaban baƙin dutse, ya juya wajen wayar. A ƙarƙashin dalmar ya ɗaura wata ƙugiyar ƙarfe mai baki uku, ta kai tsawon tafin hannu. Wannan ba ta kifi ba ce. Na dube ta, na dube shi, sai kunya ta kama ni. Ashe mijina yake nemo mini, ni kuwa ina ta yi masa tsiwa. Hawaye suka zubo mini.

"Kullum kake fitowa?" na tambaye shi a hankali.

"Rufe mini baki."

Waya ta yi ta sauka. Rana ta faɗa bayan tsauni. Ganyayen da suka zubo daga itatuwan gaɓa suna yawo a kan ruwa, rawaya-rawaya. Inji na tut-tut-tut.

Agwagin ruwa suka yi tsit gaba ɗaya.

Sai wari ya taso. Ruɓaɓɓen ƙwai da taɓo, irin na ƙasan tafki. A cikinsa akwai wani ƙamshi da na sani: tabar Eruera.

Wayar ta miƙe. Ta fara kuka siriri, zuiii.

Jirgin ya tsaya cak, inji kuwa na aiki. Sannan ya fara komawa da baya. Ruwa ya rinƙa tsallakowa ta gindinsa, sanyi kamar ƙanƙara, har idon sawuna.

"Yanke ta," na ce masa cikin raɗa. "Yaya, yanke wayar."

"Sai na riga su ganinsa," ya ce, ba ni yake kallo ba. "Sai na riga 'yan sanda."

Ban gane ba a lokacin.

Ya kama mariƙin naɗe waya da hannu biyu yana juyawa, jijiyoyin wuyansa sun fito. Kwatsam wayar ta saki. Ta rinƙa tulowa cikin jirgi da kanta, tana murɗewa a ƙafafunmu. Ba mu muke jawo abin ba. Shi yake tahowa.

Ƙwas.

Hannu ya dafa bakin jirgin.

Na san hannun rigar. Koren ulu ne, ni na saƙa ta. Amma yatsun ban san su ba. Huɗu duk a karye, kowanne ya kalli wani gefe, farata sun farfashe.

Na leƙa. Da ma ban leƙa ba.

A ƙarƙashin Eruera akwai wani abu baƙi, ya fi jirginmu tsawo sau biyu. Yana tallafe da shi kamar yadda uwa ke ɗaga jariri a nuna shi. Taniwha, mai tafkin, wanda kakanninmu ke rage murya in za su ambata. Ido ɗaya ya buɗe a cikin ruwan. Ba ni yake kallo ba.

Jirgin ya karkata.

Tamihana ya ƙwalla ihu, ya fizgi kulkin ya hau dukan hannun. Ƙwas! Ƙwas! Ƙashi na ƙara.

"Na ce ka saki! Za ka kifar da mu! Ban gaya maka ka saki ba? Ban gaya maka ba?"

Kowane duka a kan tsohuwar karaya yake sauka.

Nan na gane. Ya gaya wa gari cewa igiyar ruwa ta jefa Eruera, ya nutse nan take. Ƙarya ne. Mijina ya kama bakin jirgin nan da ransa.

"Yaya," na ce. "Kai ne?"

Wayar ta tashi kamar maciji ta naɗe yatsunsa huɗu na dama, ta fizga. Ya faɗi da ƙirji a bakin jirgin. Na ji haƙarƙarinsa ya karye. Wayar ta ci nama, ta kai ƙashi. Jini ya rinƙa tsartuwa a kan ruwa.

"Ngahuia! Wayyo, Ngahuia! Tsoro na ji! Wallahi tsoro ne! Ki cece ni!"

Ƙafafunsa sun bar ƙasan jirgin. Da hannun hagu kaɗai yake riƙe da benci.

Wuƙa ba ta yanka wannan waya. Filayar yankan waya ta bi ruwa. Abin da ya rage sai ɗan gatarin da muke faskaren itacen banda da shi.

Na ɗauka. Na tsaya a kansa.

Daga cikin ruwan wata murya ta kira ni, a hankali, yadda Eruera yake kirana da safe in shayi ya tafasa.

"Ngahu."

In na tsaya haka minti guda, shi ke nan. Ba wanda zai tambaye ni. Na so in tsaya, ba zan ɓoye muku ba. Amma wannan ne ya goya ni ranar da aka binne uwarmu.

Yatsun na shimfiɗe a bakin jirgin, waya ta ja su sun miƙe.

Na sara.

Biyu suka fita. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin mutum ya yi ba.

Na sake sarawa.

Wayar ta wuce cikin ruwa da abin da ta samu. Jirgin ya dawo daidai da ƙarfi, har na faɗi a kan mataccen kifin. Da na ɗago, ba hannu, ba ido. Ganyaye ne kawai suke juyawa a wurin.

Na ɗaure masa dungulmin da igiyar takalmina, na ja mu zuwa gaɓa. Allah ya sani, saran farko don in cece shi na yi. Na biyun kuwa har yau ban san don me ba.

Washegari da sassafe aka tsinci Eruera a gindin sandar rahui, kwance kusa da tukunyar miyata. Hannunsa na hagu a dunƙule. Da muka zo yi masa wanka, Gwaggo Rangimarie, babbar tsohuwar danginmu, ta ɓamɓare shi da ƙyar. Ta dubi yatsu huɗun da ke ciki, ta dubi ɗaya hannun mai karaya, ta dube ni. Ta mayar da shi ta dunƙule. Haka muka binne shi. Bayan kwana uku dattawa suka cire sandar.

A asibiti Tamihana ya ce inji ne ya cinye masa yatsu. Ban ƙaryata shi ba. Ya sayar da jirgin, ko hanyar tafkin ba ya bi. Girki ya gagare shi, don haka har yanzu ni nake kai masa miya kowace la'asar. Ba ma magana. Nakan zuba masa a kwano, in tura gabansa, in ajiye cokalin a gefen damarsa.