Dizal a Ƙofar Malam Iliyasu

Wata Talata cikin ranin 1987 Musbahu ya fara ganin Kubra, kuma ba ita ya je gani ba. Mota ya je dubawa.

Mahaifinsa yana da wata tsohuwar a-kori-kura da Musbahun ke kwasar tumatur da ita daga Kadawa zuwa 'Yankaba. Noman rani ya yi kyau a shekarar, tsohon ya ce mota ɗaya ba ta isarsu, a nemo ta biyu, ta hannu. Wani dillalin motoci mai suna Baballe ya ajiye guda a Kura, a gaban injin casar shinkafa na Malam Iliyasu. Fijo ce mai shan fetur, an wanke ta har tayoyi, irin wankin da ake yi wa abin da ake son rabuwa da shi.

Baballe ya tayar da ita yana ta zuba yabo, sai ga wata budurwa ta zo wucewa da kwanon abinci a ka. Ba ta kalli motar ba, ba ta kalli masu motar ba. Ta ɗan rage tafiya kawai, ta karkata kai.

"Ringin injinta ya gaji," ta ce. "Ba ku ji yadda take haki ba?"

Ta shige cikin gidan injin casar. Musbahu ya zagaya baya ya tara hannu a bakin salansa, hannun ya fito da maiƙon baƙin mai. Shekara bakwai yana tuƙi, bai ji abin da yarinyar nan ta ji tana tafe ba. Baballe ya yi dariyar yaƙe, ya ce Kubra ce, 'yar Malam Iliyasu, wasa gare ta, kuma ma shi zai aure ta.

Musbahu bai sayi motar ba a ranar, amma ya fara samun dalilan zuwa Kura. Gidansu ba su taɓa cin shinkafa kamar ta wannan ranin ba. Buhu ɗaya sai ya raba shi uku ya kawo casa sau uku. Wata gwaggon Kubra, Mairama, mai sayar da ɓuntu da dusa a gefen injin, ita ta gaji da kallonsa yana tsaye kamar turke, ta ce in magana gare shi ya zo ƙofar gida bayan la'asar kamar ɗan mutane.

Ya zo. Ya sa mata suna Injiniyata, ita kuma ta ce masa Mai Tumatur, don ko ya yi wanka ya fesa turare sai an ji ƙanshin ganyen a rigarsa. Ya tambaye ta inda ta koyi jin ciwon inji, ta ce wanda aka goya a gindin inji ai dole ya san kukansa. Daga nan ta sauya zance.

Malam Iliyasu mutum ne da aka sani da girman kai a Kura. Ka gaishe shi ta baya, ko waiwaye ba zai yi ba. Ka tsaya gabansa, sai ya kafe ka da ido kamar yana neman ƙarya a bakinka. Da labarin Musbahu ya je masa, amsarsa gajeriya ce: ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bai san komai ba sai fetur. Fetur man masu gaggawa ne, in ji shi, dizal kuwa sai mai haƙuri. Baballe ma, wanda Malam ya fi karkata gare shi, motarsa fetur take sha, amma babu wanda ya yi ƙarfin halin tuna wa Malam haka. Gidan Baballe yana bayan injin, taku kaɗan.

Musbahu ya shiga awon motoci kamar wanda zai zana jarrabawa. Ya je wurin Isiyaku, bakaniken taraktocin aikin ban-ruwa. Isiyaku ya ce dizal ta fi jan kaya, manta ya fi araha, galan ɗaya ya kai ka nesa, babu fulogi ko kafireton da zai ba ka wahala da damina. Amma in ta lalace, tsakanin Kura da Garun Malam mutum uku ne za su iya taɓa ta, kuma biyu daga ciki ƙarya suke yi. Mai fetur kuwa kowane gindin bishiya akwai mai gyaranta, kayanta a zube suke a Ƙofar Ruwa.

Yana cikin wannan tunani Mairama ta miƙo masa takarda a ƙunshe cikin leda.

"Zuwa ga Mai Tumatur ɗina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Na ji an ce dizal kake nema don ka faranta wa Baba. Don Allah kada ka yi. Ba ka san halinta ba, kuma ba ita ce matsalar Baba ba. Motar nan ta wurin Baballe jikinta lafiya yake, ka saye ta ka sauya ringi, za ta yi maka shekaru. Ka yi haƙuri da abin da ba zan iya faɗa maka ba yanzu. Taka har kullum, Kubra."

Ya karanta sau huɗu. A karatu na huɗu ya gano abin da babu shi a cikin takardar, kamar yadda masoya suka saba. Ya rubuta:

"Injiniyata, da bakinki kika ce motar ba ta da lafiya. Yau kuma ke ce dillaliyarta. In Baballe kike so ya ci riba biyu, ya sayar da mota ya samu mata, ki faɗa mini kai tsaye, zan iya ɗauka. Musbahu."

Amsarta layi ɗaya ce: "Allah ya huci zuciyarka. Sayi abin da ka ga dama."

Ya saya. Wani ɗan kasuwa ya shigo da wata daga Maraɗi, mai dizal, fara, tana kuka kamar tarakta. Malam Iliyasu da ya ji labari ya ce manyan yaron su zo ranar Juma'a da hantsi. Ya gaya wa Mairama cewa zai karɓe su ne don mutunci, ya sallame su da haƙuri.

A nan sai an san halin mutanen rafi. Ba sa cika tanki. Injin ban-ruwa galan ɗaya ake zuba masa, ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, sannan a ƙara wani. Haka Musbahu ya saba da tsohuwar a-kori-kura, wadda allurar manta ta mutu tun yana makarantar firamare. In ta fara shaƙuwa ya gangara gefe, ya ɗauko galan daga baya, ya tuttula, ta tashi. Babu wanda ya gaya masa cewa dizal ba ta yafe wannan.

Ranar Juma'a ya ɗauko baffansa Dattijo da wasu dattawa biyu, da huhun goro a bayan mota. Sun biyo bakin kanal lafiya, sun shigo Kura mutane suna leƙe. Daidai gaban injin casa, wanda yake a kashe saboda Juma'a, motar ta yi shaƙuwa biyu ta mutu.

Musbahu ya fito da murmushinsa, ya zuba galan, ya murza makulli. Ta yi gurnani ta ƙi. Ya sake. Ya sake har batir ya fara sanyi. Baffa Dattijo, mutumin da ya yi shekara ashirin ba a ga gwiwar hannunsa ba, ya naɗe babbar riga ya shiga turi tare da sauran. Suka tura ta har bakin kwalbati suka dawo da ita. Baballe yana zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa.

Malam Iliyasu ya fito ya leƙa ƙarƙashin bonet, ya tambayi Musbahu ko barinta ya yi ta shanye man ƙarƙaf. Musbahu ya ce e.

"Ta sha iska," Malam ya ce. "Ka sayi abin da ba ka sani ba don ka burge ni. To, ka burge ni."

Ya koma can inuwar zaurensa ya zauna a kan buzu, ya juya musu baya.

Sai ga Kubra ta fito. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, sifana biyu a hannunta. Matan da ke leƙe ta katanga suka riƙe haɓa. Ba ta gai da Musbahu ba. Ta sassauta wani ƙaramin noti a kan matatar mai, ta nuna masa ɗan famfon hannu ta ce ya yi ta dannawa har kumfa ta daina fita. Ya danna, yana kallon man yana gangarowa a yatsunta masu lalle. Ta ɗaure notin, ta sassauta bututun nozul da ke fesa wa inji mai, ta ce ya murza. Mai ya yi tsartuwa. Ta ɗaure. Ta ce ya ƙara.

Motar ta tashi da wani irin ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, wani jaki ya tsinke igiya.

A cikin wannan ƙara aka ji muryar Malam Iliyasu, har yanzu bayansa a juye.

"Ku daina wahalar da dattawa. Yau ba za ta tashi ba. A je a kira Isiyaku."

Babu wanda ya motsa. Gyaɗar Baballe ta tsaya tsakanin hannunsa da bakinsa. Baffa Dattijo ya dubi motar da ke girgiza, ya dubi ƙeyar Malam, ya furta salati a hankali. Hayaƙin ne ya isa hancin Malam. Ya waiwayo, ya ga motar, ya ga fuskokin mutane, ya gane abin da suka gane. Kubra ta saki sifana ta rufe fuska da hannuwanta masu baƙin mai.

A cikin zaure, da ƙofa a saye, Malam Iliyasu ya faɗa wa Baffa Dattijo gaskiya. Shekara ashirin da biyu a gindin inji sun cinye masa kunne. Shekara huɗu ke nan magana sai ya kalli bakin mai yi yake kamawa. Ya gwammace a ce masa mai girman kai da a ce masa kurma, don babu mai kawo shinkafa wurin wanda ba ya jin injinsa. Kubra ce take saurara masa in ta kawo abinci, da yamma ta gaya masa inda ke ciwo, su gyara tare in an watse. In ta tafi Kadawa, wata rana injin zai fashe yana tsaye a kansa bai sani ba. Maganar fetur kuwa, ya ce, abin da ya fara zuwa bakinsa ne kawai.

Ba a san saurayi da shiga wurin da manyansa ke nema masa aure ba. Musbahu ya shiga. Yana jingine da ƙofar ne ya ji komai. Baffa Dattijo ya daka masa harara, bai kula ba. Ya durƙusa daidai gaban Malam, ya ɗago fuska don a ga bakinsa, ya yi magana sannu a hankali.

"Baba, ba zan kai ta Kadawa ba. Zan kama gida a nan Kura. Ni ne zan riƙa zuwa gona kullum ina dawowa. Tsohuwar motar ta zauna can wurin kaya, wannan ta zama ƙafata. Tafiyar kullum ai aikin dizal ne, in za ku koya mini ita."

Baffa Dattijo ya ce babban ɗa bai taɓa barin gandu a gidansu ba. Ya faɗa sau biyu, sannan ya dubi tsohon da ke share ido da gefen rawani, ya ce shi zai san yadda zai gaya wa ɗan'uwansa. Ya jawo huhun goro ya ajiye a tsakiya. Malam Iliyasu ya daɗe yana kallon goron kafin ya ɗora hannu a kai.

Baballe bai jira an sallame shi ba. Ya baza a gari cewa shi dama ba zai iya da mace mai warin dizal ba. Mutanen Kura sun saurare shi, suka ci gaba da kawo shinkafarsu inda suka saba.

Da la'asar Musbahu ya tsaya a ƙofar gida. Kubra ta fito idonta a kumbure.

"Na zarge ki da abin da ba ki yi ba," ya ce. "Ki yafe mini, Injiniyata."

"Ni ma yau na tona asirin ubana saboda kai," ta ce. "Da na zauna a ɗaki, da har yanzu ba wanda ya sani."

"Me ya fito da ke?"

"Na ji kana kashe batir. Kuma na ga Baffa yana turi da sabon takalmi." Ta ɗan yi murmushi, hawaye na biye. "Ba zan iya zama ina ji ana yi maka dariya ba, Mai Tumatur."

An ɗaura aure bayan an yanke alkama. Daga gidan ubanta zuwa gidan da Musbahu ya kama bai kai tafiyar da za a hau mota ba, amma mata suka ce amarya ba ta taka ƙasa, aka zagaya da ita har Bunkure aka dawo, ƙawaye suna guɗa. Malam Iliyasu ya riƙe hannun angon a gaban jama'a ya sa musu albarka da babbar murya, irin ta wanda ya daina ɓoye dalilin ɗaga murya.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai. Allah ya tsawaita musu kwana tare. In kuma lokaci ya yi, kada ya bar ɗaya ya daɗe a bayan ɗaya.