Zoben da Aka Sa wa Rufaida

"Usta, kar ka shigo min da ƙanshin agashe! Wallahi tun daga ƙofar gida na ji shi!"

Haliru ya tsaya cak a tsakar gida, ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda 'yan sanda suka tare.

"Ban ci ba, Rufaida! Wucewa kawai na yi ta gaban mai gasa naman, hayaƙin ne ya biyo rigata."

"Zo in shinshina bakinka."

Ya zo ya durƙusa a gaban gadon igiyar da take zaune, ya buɗe baki. Ta shinshina, ta ture kansa tana dariya har gadon na ƙara. Cikin ledar da ya riƙo babu komai sai kindirmo marar sukari.

Ranar kwananta tara ke nan ba ta tauna komai ba. Romo, kindirmo da shayi ba sukari, su ne abincinta, domin likitan Hartum ya ce sai ta yi mako biyu a haka kafin a yi mata aiki. Haliru kuwa ya rantse abin da ta sha shi zai sha. Shi bakanike ne, yana gyaran taraktocin manyan gonakin dawa da riɗi a Gadarif, shi ya sa kowa ke ce masa Usta, har matarsa.

Shekararsu huɗu da aure. Rufaida mai zanen lalle ce, babu amaryar da za a kai a unguwarsu ba ta ratsa hannunta ba. Kyakkyawa ce, mai fara'a, amma ƙiba ta yi mata yawa. Tana da shekara ashirin da bakwai, ga ciwon sukari, ga hawan jini, gwiwoyi kuma sun ƙi, har salla sai a kan kujera take yi. Wata rana tana tsakiyar yi wa amarya lalle jiri ya kwashe ta, ta faɗi a gaban mata. Daga nan ne likita ya kawo maganar zobe: wani ɗan zobe mai taushi da ake ɗaurawa a saman tumbi, ya matse shi, mutum ya riƙa ƙoshi da abinci kaɗan.

Da farko Haliru tsalle ya yi ya dire.

"Ni haka na gan ki, haka na so ki! Ba wanda zai sa miki wuƙa."

"Usta," ta ce a hankali, "ba don in yi maka kyau ba ne. So nake in tsufa tare da kai. So nake in sa goshina a ƙasa in yi sujada kamar kowa."

Ya ajiye kofin shayinsa, ya ce, "Halas, shi ke nan. Allah Ya sa alheri ne. Amma Hajja fa?"

Hajja Ummusalama ita ce mahaifiyar Rufaida, tana zaune a Showak. Rufaida ta kawar da kai.

"Za mu ce mata ƙaramin aiki ne na ciwon sukari."

"Ba na son ɓoye-ɓoye da iyaye."

"Ka san Inna. In ta ji gaskiya, a gaban bas za ta kwanta."

Haka aka yi. Suka hau bas zuwa Hartum, aka yi aikin ta 'yan ƙananan huji biyar, cikin ikon Allah lafiya lau. Da ta farfaɗo ta ga Haliru a gefen gado, idanunsa jajur, carbi a hannu.

"Usta... kuka ka yi?"

"Wa? Ni? Warin asibiti ne."

Suka dawo Gadarif da dokoki cike da takarda. Mako biyu ruwa-ruwa, mako biyu abin da aka dama ya yi laushi, sannan abinci kaɗan-kaɗan. A tauna sosai. Ba a shan ruwa a kan abinci. Ba lemon kwalba. A yi hattara da burodi, da wainar dawa da ake kira kisra, da busasshen nama. Aka mayar da ita hannun Dakta Sakinatu, likitar da ke duba sukarinta tun da a nan Gadarif, wadda za ta riƙa matse zoben ko sassauta shi da allura, ta wani ɗan maɓalli da aka bari a ƙarƙashin fatar cikinta.

Ba kullum abin ya zo da sauƙi ba. Ran da maƙwabciya ta soya albasa, Rufaida ta shige ɗaki ta yi kukanta. Amma Haliru ya mayar da abin wasa. Ya sayo mata ɗan faranti irin na ƙarƙashin kofin shayi, ya zauna yana ƙirga mata tauna da ƙarfi, "Sha bakwai... sha takwas... kar ki haɗiye, ina kallon wuyanki!" har dariya ta kusa shaƙe ta. Bayan la'asar su fita tafiya a ƙasa. Ranar farko iyakarta bakin layi. Mako na shida ta kai masallacin unguwa ta dawo ba ta zauna ba.

A mako na bakwai, kwana uku bayan an fara matse zoben, rakasha mai ƙafa uku ta tsaya a ƙofar gida. Hajja Ummusalama ta sauko da buhun garin dawa, da kwalbar man shanu, da ƙullin busasshen nama.

"Auta! Ina autata?"

Rufaida ta fito da murna. Hajja ta tsaya, ta dube ta daga sama har ƙasa, buhun ya suɓuce daga hannunta.

"Innalillahi! Wace ce wannan? Ina kumatunki? Ina wuyanki?"

"Inna, lafiyata ƙalau, wallahi..."

"Rufe min baki!"

Da azahar Haliru ya dawo, ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa da ƙyar. Aka kawo abinci, ta ga 'yarta ta zuba dafaffen wake cokali uku a ɗan faranti, ta ci a hankali, ta ce ta ƙoshi. Nan Rufaida ta fashe da kuka ta faɗi gaskiyar zoben.

Hajja ta juya kan Haliru.

"Kai ne! Na ba ka 'ya cikakkiya, ka kai ta an ɗaure mata ciki kamar bakin buhu! 'Yan matan talabijin kake so, sirara? To da ka sako min ita!"

"Inna, ni ce na..."

"Ke yi shiru, an riga an juya miki kai!"

Haliru bai ɗago ba. "Hajja, ki yi haƙuri. Mun yi kuskure da ba mu sanar da ke ba."

Rufaida ta dube shi. Shi ne ya ce a faɗa, ita ta hana, amma ga shi ya ɗauki rabin laifin bai tona ta ba.

"Jibi zan tafi da ita Showak," in ji Hajja. "In ta dawo hayyacinta, sai manya su zauna a kan maganar auren nan."

Fuskar Haliru ta canza, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Allah Ya huci zuciyarki, Hajja."

Washegari da safe yana fita gareji, Hajja ta hura wuta. Ta tuƙa asida, tuwon dawa mai ƙarfi, ta yi miyar busasshen nama, ta kwarara man shanu. Ta ajiye kwanon a gaban 'yarta.

"Ci."

"Inna, likita ta ce..."

"Likita ce ta haife ki? In kina ƙaunata, ki ci."

Ba faɗa take yi ba yanzu. Hawaye ne ke bin fuskarta. Rufaida ba ta taɓa iya jure kukan mahaifiyarta ba. Ta sa hannu, ta yanko loma, ta haɗiye kamar yadda ta saba tun tana yarinya. Ta ƙara. A loma ta huɗu ta dafe ƙirji.

"Inna... ya tsaya... ya tsaya min!"

Yawu ya cika mata baki, zufa ta keto mata. Ta yi amai, ta sake yi, ciwon bai sake ta ba. Hajja ta ba ta ruwa, ruwan ma ya dawo.

"Na shiga uku! Jummare! Jummare, kira min Haliru!"

Maƙwabciyar ta buga masa waya. Ya iso a guje, baƙin mai har gwiwar hannu. Bai tambayi wa ya yi ba. Ya tallafi matarsa ya sa a rakasha, ya juyo ya yi wa surukarsa wuri. "Hajja, shigo mu tafi. Kar ki ji tsoro, an gaya mana hakan na iya faruwa."

Dakta Sakinatu ta kwantar da Rufaida, ta laluba maɓallin, ta sa allura ta zuƙe ruwan da ke cikin zoben. Bayan ɗan lokaci Rufaida ta ja dogon numfashi, ta kurɓi ruwa, ya wuce.

"Alhamdulillahi!" in ji Hajja, ta zauna a ƙasa.

Likitar Bahausa ce 'yar garin Mai Wurno. Ta ja kujera ta zauna kusa da tsohuwar, ta buɗe mata takardu biyu.

"Hajja, wannan awon sukarinta ne kafin aiki. Da an ci gaba a haka, idanunta da ƙodarta ne za su fara tafiya. Wannan kuma na makon jiya ne. Kin ga? Ya sauka, har na rage mata magani. Wannan bawan Allah kuwa, sau biyu yana zuwa wurina a ɓoye yana roƙon in hana ta aikin, don tsoron kar ya rasa ta."

Hajja ta ɗago ta dubi Haliru da kyau, karo na farko tun zuwanta. Sai yanzu ta lura wandonsa da igiya ya ɗaure shi.

"Kai kuma me ya same ka?"

Rufaida ce ta amsa daga kan gado. "Abin da na ci shi yake ci, Inna. Wata biyu ke nan. Kuma ni na hana shi gaya miki, ba shi ba."

Hajja ta ja mayafinta ta rufe fuska. Daga cikin mayafin ta fara magana.

"Shekarar yunwa muna ƙwadago a gonakin Fashaga. Yayanki Rufa'i yana da shekara uku. A hannuna ya rame, kullum ina ganin ƙasusuwansa na fitowa, ba ni da abin ba shi, har Allah Ya karɓe shi. Bayansa aka haife ki. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake ganin ƙashin wuyan ɗana ba. Da na gan ki jiya, Rufa'i na gani."

Rufaida ta sauko ta rungume ta, suka yi ta kuka.

"Haliru, ɗana, ka yafe mini."

"Haba Hajja! Ni ne mai neman gafara."

Hajja ba ta koma Showak ba sai bayan mako uku, kuma ita kaɗai ta koma. Kafin ta tafi ta haddace dokokin takardar nan duka, ta fi likita tsanani.

Bayan wata goma, an gama yankan riɗi, aka yi bikin wata jikar Hajja a Showak. Rufaida ta zubar da kilo talatin. Ita ta yi wa amarya lalle, a durƙushe a kan tabarma, awa uku ba ta nemi abin jingina ba. Da aka kira salla ta bi sahun mata ta yi sujadarta. Da aka buga kalangu kuma ta shiga fili, mata suka yi ta guɗa.

Sai aka shigo da manyan tire na abinci, gwaggonni suka yi mata caa.

"Ci mana, Rufaida! Wannan ai abincin tsuntsu ne! Ƙara mata nama!"

Hajja Ummusalama ta taso da ludayi a hannu.

"Duk wadda ta ɗura wa 'yata loma, da ni za ta yi! Cikinta da zobe, na likita, ku ba ku san komai ba. Auta, tauna sau ashirin!"

Mata suka kwashe da dariya. Hajja ta cika wani ƙaton kwano da asida, ta ɗora cinyar rago, ta aika wajen maza.

"A kai wa Haliru. A ce masa rabon matarsa ne da nasa, kuma kar kwanon ya dawo min da saura!"

Daga bayan katanga aka ji muryar Haliru, "Wayyo Hajja, ni ma a kai ni a sa min zoben!"

Rufaida ta yi dariya har da hawaye.

'Yan'uwa, ƙauna takan zo da fuska daban-daban. Uwa ta nuna tata da cika kwano, miji ya nuna tasa da ɗaure cikinsa. Da Haliru ya mayar wa surukarsa da magana ran da ta zarge shi, da auren ya girgiza, amma ya yi haƙuri har gaskiya ta wanke shi, ya zama ɗa a gidan. Ita ma Rufaida ta gane ɓoye wa iyaye babban al'amari ba ya rage musu tsoro, ƙara shi yake yi. Allah Ya ba mu lafiya, Ya ba mu masu tsaya mana a kanta.